JIRGIN ƘASA MAI AIKI DA LANTARKI: ASALINSA DA AMFANINSA



An nemi in yi muku bayani yau a kan jirgin ƙasa mai aiki da wutar lantarki, watau inda ya samo asali, da amfanin da ke gare shi, da abin da ya ke bukata kafin ya zauna a ƙasa. Na san akwai alhazai a cikinku waɗanda suka riga suka shiga irinsa. Duk wanda ya hau jirgin nan mai jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda aka buɗe cikin shekara ta 2010, ko kuwa wanda ke gudu tsakanin Makka da Madina tun 2018, ya ga jirgin da ba ya hayaƙi, ba ya kuma tsayawa shan mai. In ya ɗaga kai kuwa, ya ga waya miƙe bisa jirgin tun daga wannan tasha har waccan. To, zancen wannan waya za mu yi.

JIRGI DA MURHUNSA

Kan jirgi iri uku ne. Na fari shi ne mai tururi, wanda dattawanmu suka sani. Irinsa ne ya fara isowa Kano cikin 1911. Yana ɗauke da kwal, yana ɗauke da ruwa, ga mutum tsaye yana ta zuba kwal cikin wuta dare da rana. Kafin ya tashi sai an yi sa'o'i ana hura shi, in ya yi 'yar tafiya kuma sai ya tsaya shan ruwa. Ga shi da ɓarna, gama in aka raba zafin kwal ɗin kashi ɗari, abin da ke komawa ja bai kai kashi goma ba, saura duk ya bi iska.

Na biyu shi ne mai shan man dizal, wanda ya soma shigowa ƙasar nan wajen 1955. Mutane da yawa ba su san cewa shi ma galibi lantarki ke juya ƙafafunsa ba. Injin da ke cikinsa janareto ya ke juyawa, janareto ya haifar da wuta, wutar ta juya waɗansu injuna da ke haɗe da ƙafafun. Ashe ƙaramar tashar lantarki ce aka ɗora bisa ƙafa, tana tafe da tankin manta.

Na uku shi ne wanda mu ke magana a kai. An cire masa murhu da tanki, an kai su can wata tasha inda a ke yin wuta mai yawa. Daga nan wuta ta biyo waya, jirgi ya miƙa wani hannu na ƙarfe daga rufinsa yana shafar wayar, wuta ta sauko ta yi aiki, sa'an nan ta koma ta cikin ƙarfen dogo. A waɗansu wurare, musamman cikin birane, ba a rataya waya, sai a shimfiɗa ƙarfe na uku a gefen dogo ya ɗauki wutar.

Misalinsu kamar fatake biyu ne. Ɗaya ya ɗora wa jakinsa itace da tulu da tukunya, ya rage wa kansa wurin haja. Ɗaya kuwa ya san akwai mai kawo masa tuwo a kowane zango, don haka ya cika mangalarsa da haja zalla. Na biyun ya fi sauri, ya fi riba, amma ran da mai tuwo bai zo ba, da yunwa zai kwana. Ina roƙonku ku riƙe wannan misali, domin dukan alherin jirgin lantarki da dukan wahalarsa daga wannan rabuwa da murhu suka fito.

YADDA AKA FARA

Jirgin tururi ya fara jan kaya da mutane a Ingila cikin 1825. Ba a daɗe ba waɗansu masu hikima suka soma tunanin lantarki. Cikin 1842 wani mutumin Sikotilan, Robert Davidson, ya gwada kan jirgi mai aiki da batir, amma tafiyarsa ba ta fi ta mai ƙafa ba, batir ɗin kuwa in ya ƙare sai a sake sabo. Abin bai yi kasuwa ba. Kuskurensa shi ne ya bar murhu cikin jirgi, sai dai ya sake masa kama.

Wanda ya fara raba su shi ne Werner von Siemens, Bajamushe. Cikin 1879, a wani bajekoli a Barlin, ya shimfiɗa ɗan dogo mai kewaye, tsawonsa wajen mita 300, ya ajiye janareto a gefe, ya aika da wuta ta cikin ƙarfe na uku. Ɗan kan jirgin yana jan tarago uku, direba yana zaune bisansa kamar mai sukuwa. Cikin wata huɗu mutum fiye da 80,000 suka hau. Da yawa sun ɗauke shi abin wasa, amma cikin 1881 aka buɗe layi na sosai a wata unguwar Barlin mai suna Lichterfelde. Cikin 1883 aka buɗe wani a bakin teku a Brighton ta Ingila, wanda har yanzu yana aiki. Cikin 1888 kuma Frank Sprague ya nuna a birnin Richmond ta Amurka cewa ana iya tafiyar da taragu masu yawa lokaci guda a titunan gari mai hawa da gangara.

HAYAƘI YA TILASTA

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanonin reluwe sun riga sun zuba dukiya cikin jirgin tururi, ba su kuwa bar shi don sha'awar sabon abu ba. Larura ce ta kore su, larura ta fari kuwa hayaƙi.

Cikin 1863 mutanen Landan suka haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin ƙasa, suka sa mai tururi a ciki. Ku dubi halin wanda aka rufe cikin ɗaki ana hura ɗanyen itace, to, kusan haka fasinja su ke ji. Saboda haka sa'ad da aka haƙa wata hanya mai zurfi cikin 1890, lantarki aka sa mata tun ran fari, tsohuwar ma aka juya ta cikin 1905. A Amurka, birnin Baltimore yana da doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa mai hawa, inda hayaƙi ke shaƙe ma'aikata. Cikin 1895 aka sa kan jirgi na lantarki ya riƙa jan jirage ta ciki, wannan kuwa shi ne karo na fari da lantarki ya ja manyan jirage a babban layi.

Abin da ya faru a Niyok ya fi muni. Cikin watan Janairu 1902 wani jirgi ya afka wa wani daga baya a hanyar ƙarƙashin ƙasa, domin hayaƙi da tururi sun hana direba ganin fitilar tsayawa. Mutum goma sha biyar suka rasu nan take. Shekara ta gaba hukuma ta kafa doka, ta ce daga 1908 kada jirgin tururi ya ƙara shiga tsakiyar birnin. Doka ta yi aikin da lallashi ya kasa.

DUTSE DA RASHIN KWAL

Larura ta biyu ita ce tudu, ta uku rashin makamashi. Ƙasar Suwizalan ta haɗa su duka biyu. Ƙasa ce ta manyan duwatsu, ba ta da kwal nata, sai ta saya daga maƙwabta. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Fari ya yi tsanani, kwal ya yanke, aka rage jirage ƙwarai, mutane suka sha wuya. Shugabanninsu suka duba, suka ga abin da Allah ya hore musu shi ne ruwa mai gangarowa daga kan duwatsu. Sai suka datse shi, suka yi wuta da shi. Cikin 1920 jirgin lantarki ya fara ratsa ramin dutsen Gotthard mai tsawon kilomita 15. Kafin Yaƙi na Biyu ya zo, yawancin manyan layukansu sun sami waya, wahalar da ta same su a da ba ta maimaitu da irin wancan ƙarfi ba. Yau kusan dukan dogon ƙasar da lantarki ya ke aiki.

Haka Suwidin ta yi cikin 1915 da layin da ke ɗauko tama daga Kiruna, can arewa inda sanyi ya ke daskarar da ruwa. Cikin 1923 waya ta kai tashar jiragen ruwa ta Narvik a ƙasar Norwe. A nahiyarmu kuma, Afirka ta Kudu ta soma cikin 1925 a lardin Natal. Su suna da kwal, har ma shi ne kayan da layin ke ɗauka, amma hanyar tana da hawa da lanƙwasa, jirgin tururi ya kasa kwashe kayan. A wannan shekara ta 1925 ɗin ce kuma jirgin lantarki ya fara gudu a Indiya, daga Bombai zuwa Kurla.

AN SAMI MA'AUNI ƊAYA

Da fari kowace ƙasa da irin wutar da ta ke sa wa jirginta. Ana auna ƙarfin turin wuta da wani ma'auni da a ke kira bolt. Wutar gidajenmu wajen bolt 230 ce. Waɗansu suka sa wa jirgi 600, waɗansu 1,500, waɗansu 3,000. Amma in turin ya yi kaɗan, dole waya ta yi kauri, dole kuma a gina tashoshin ƙara wuta kusa da juna, kuɗi ya yi yawa.

Bayan Yaƙi na Biyu injiniyoyin Faransa, a ƙarƙashin Louis Armand, suka tabbatar cewa ana iya ɗauko irin wutar da ƙasa duka ke amfani da ita, a sa ta a waya da turin bolt 25,000, jirgi ya rage ta da taransfomar da ke cikinsa. Waya ta sirance, tashoshi suka yi nisa da juna, kuɗi ya sauka. Suka fara da layin kwal da tama na arewa maso gabashin ƙasarsu wajen 1954 zuwa 1955. Wannan ma'auni shi ne yawancin sababbin layuka na duniya su ke bi yanzu.

Daga nan sai gudu ya shigo. Ran 1 ga Oktoba 1964 Japan ta buɗe layi tsakanin Tokiyo da Osaka, kilomita 515. Tafiyar da ta kan ci sa'a shida da rabi ta koma huɗu, shekara ta gaba ta koma uku da minti goma. Faransa ta bi cikin 1981, har cikin 2007 wani jirginta na gwaji ya yi gudun kilomita 574 cikin sa'a. Ƙasar Sin ta soma cikin 2008, kafin ƙarshen 2022 ta shimfiɗa fiye da kilomita 40,000 na irin wannan layi. Rasha ta soma rataya waya a layinta mai ratsa Saiberiya cikin 1929, ba ta gama ba sai 2002. Indiya kuwa, wadda ke sayen yawancin manta daga waje, ta ɗaura ɗamara har cikin 2024 fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan layukanta sun sami waya.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Layin da ya haɗa Adis Ababa da Jibuti, wajen kilomita 750, ya soma aikin kasuwanci cikin 2018, da wutar da Habasha ke samu daga madatsun ruwanta. A shekarar ce kuma Maroko ta buɗe layi mai gudun kilomita 320 cikin sa'a daga Tanja. Tanzaniya ta buɗe nata daga Darussalam zuwa Dodoma cikin 2024.

AMFANINSA

Amfani na fari shi ne ƙarfi. Kan jirgin dizal ba ya iya wuce ƙarfin injin da ke cikinsa. Na lantarki kuwa yana jawo abin da ya ke so daga waya sa'ad da ya zo hawa, ko sa'ad da zai tashi daga tasha. Da ya ke yana tashi da sauri, yana kuma hawa da sauri, jirage da yawa su kan bi layi ɗaya cikin yini. Sau da yawa rataya waya ya fi shimfiɗa dogo na biyu sauƙi.

Na biyu shi ne tattali. Injin dizal ya kan mai da wajen sulusin ƙarfin mansa ya zama aiki. Kan jirgin lantarki ya kan mai da kusan kashi tara cikin goma na wutar da ya karɓa. Gaskiya ne akwai hasara a tashar da aka yi wutar, in da kwal ko gas aka yi ta, amma babbar tasha ɗaya ta fi ƙananan injuna ɗari iya tattalin makamashi.

Na uku, jirgin lantarki ba ya zaɓen abinci. Ko da ruwa aka yi wutar, ko da gas, ko da hasken rana, ko da iska, duk ɗaya ne gare shi. Ƙasar da ke da kogi ko rana ta kan huta da fid da kuɗinta waje don sayen mai, in farashin mai ya hau kuma, kuɗin dakon hatsi ba ya binsa.

Na huɗu shi ne birki. Injin da ke juya ƙafa, in aka juya aikinsa, janareto ya ke zama. Saboda haka jirgi mai gangara ya kan riƙe kansa ta hanyar yin wuta, ya mai da ita cikin waya, wani jirgi mai hawa ya sha. Jiragen tama masu gangarowa Narvik da kaya haka su ke yi kullum. A jirgin dizal wannan ƙarfi zafi ya ke zama ya bi iska.

Na biyar shi ne gyara. Ba shi da tankin mai, ba shi da famfon mai, abubuwan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne. Don haka kwanansa a gareji kaɗan ne, ransa kuma ya fi tsawo.

Na shida shi ne lafiyar jama'a. Ba hayaƙi a tasha, ƙara kuma ta ragu. Amma kada in ɓoye muku, in da kwal aka yi wutar, hayaƙin ƙaura ya yi zuwa inda tashar ta ke. Sai an yi ta da ruwa ko rana sa'an nan a ce an rabu da shi.

SHARUƊƊANSA

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kafin jirgi ɗaya ya motsa, sai an kafa dubban falwayoyi, an rataya wayar jan ƙarfe, an gina tashoshin wuta, an ɗaga gadojin da suka yi ƙasa. Wannan kuɗi duk a gaba a ke biyansa, ana kuwa mai da shi kaɗan kaɗan daga rarar kowane jirgi da ya wuce. Layin da jirgi biyu ko uku ke bi a yini ba zai taɓa biyan kuɗin wayarsa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Amurka, duk da arzikinta, ba ta sa wa ko kashi ɗaya cikin ɗari na dogonta waya ba. Har wani kamfani nata da ya daɗe yana ratsa duwatsun yamma da lantarki ya kashe wutar cikin 1974, ya koma dizal.

Sharaɗi na biyu shi ne wuta wadda ba ta ɗaukewa. In jirgin dizal ɗaya ya lalace, shi kaɗai ya tsaya. In wuta ta ɗauke, dukan jiragen da ke ƙarƙashin wannan waya sun tsaya tare, wani a tasha, wani a tsakiyar daji da mata da yara. Wannan shi ne mai tuwon da bai zo zango ba.

Sharaɗi na uku shi ne tsaro da ma'aikata masu ilmi. Ku ji labarin Zimbabuwe. Cikin 1983 ta rataya waya tsakanin Harare da wajen Gweru, kilomita 300 da 'yan kai, aka yi murna. Da tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare, wuta ta yi ƙaranci, ɓarayi suka far wa wayar saboda jan ƙarfenta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka daina aiki da ita, aka koma dizal, dukiyar da aka zuba ta salwanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

INA MATSAYINMU?

Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016, da na Ikko zuwa Ibadan na 2021, da dizal aka buɗe su. Jirgin lantarki na cikin birnin Ikko, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya soma ɗaukar fasinja cikin 2023, an kuwa tanada masa wutarsa dabam don kada ya dogara ga ta gari. Wannan tanadi darasi ne. Muna da madatsun ruwa a Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro, da Zungeru, muna da gas, rana kuwa ba ta yi mana rowa ba. Amma ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda manyan wayoyi sun lalace. Da jiragenmu na waya ne a lokacin, da ko ɗaya bai motsa ba.

Saboda haka a ganina aikin yana da jeri. A fara gyara wuta da hanyoyin da ta ke bi. A mai da kaya masu nauyi, kamar hatsi da siminti da taki da dabbobi, su koma bisa dogo har layi ya cika. A koya wa samarinmu aikin waya da taransfoma. Sa'an nan a rataya waya, a fara da layin da ya fi cunkoso. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk sabon layin da za a shimfiɗa, irin na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa cikin 2021, ya kamata a gina gadojinsa da tsawon da waya za ta iya wucewa ƙarƙashinsu, domin rushe gada daga baya ya fi tsada nesa.

Akwai kuma abin da ke wuyanku, jama'a. Wanda ya sayi wayar sata, da wanda ya ga ana kwance ƙarfen dogo ko na babbar falwaya ya kau da kai, su ma suna da hannu cikin jinkirin. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci in kun ga irin wannan.

Daga ƙarshe, gargaɗi ga matafiya da ke zuwa ƙasashen da ke da wannan jirgi. Wutar wayarsa ta ninka ta gida fiye da sau ɗari, ba kuwa sai an taɓa ta ba, ta kan yi tsalle ta kama abin da ya matso kusa. Kada kowa ya hau rufin tarago. Kada a ɗaga doguwar sanda ko ƙarfe kusa da ita. Mai babbar mota ya dubi tsawon lodinsa kafin ya ƙetare dogo. Inda aka shimfiɗa ƙarfe na uku a ƙasa kuwa, kada a taka dogon ko kaɗan, sai a bi gada. Ku gaya wa 'ya'yanku wannan tun yanzu, gama rigakafi ya fi magani.